Black Sabbath, Iron Maiden ko Metallica: da wacce sabon kunne zai fara?

Ɗan ƙanwata ne ya jawo wannan rubutun. Wata Asabar ya same ni a ɗaki ina kakkaɓe akwatin tsofaffin kaset-kaset ɗina, ya durƙusa yana jujjuya su ɗaya bayan ɗaya, har hannunsa ya tsaya kan wani mai hoton ƙaton gunki irin na Fir'aunonin Masar. Ya ce, "Kawu, wannan kiɗan naka in na jiyo shi daga tsakar gida, wallahi hayaniya kawai nake ji. Amma abin da ya riƙe mutum shekara talatin ba banza ba ne. In zan zauna da ƙungiya ɗaya tak in saurara, wacce zan ɗauka?"

Na ce ya ba ni kwana biyu. Kiɗan da Turawa ke kira heavy metal, mu masu jin sa mu ce metal a taƙaice, yana da ƙofofi da yawa, kuma wadda mutum ya fara bi ita ke sa ya zauna ko ya fice bai ƙara waiwayowa ba. Na san mutanen da aka fara ɗora wa abin da ya fi ƙarfin kunnensu, har yau in an ambaci metal sai su yamutsa fuska. Ƙungiyoyi uku ne suka gina mini kunne: Black Sabbath ta birnin Birmingham, Iron Maiden ta gabashin Landan, da Metallica ta jihar Kalifoniya a Amurka. A cikinsu zan zaɓar wa yaron, kuma duk mai irin tambayarsa zai iya auna kansa da wannan mudun.

Ni ta baya na shigo. A 1993, ina ɗalibi a Zariya, abokin ɗakina ya dawo daga hutu da kaset ɗin Metallica mai baƙin bango, wanda yayansa ya zo da shi daga Ingila. Batir ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi, saboda haka da biro muke mayar da zaren kaset baya, mu zura shi a rami mu yi ta wulwulawa a iska. Bayan shekara guda na gano Maiden. Sabbath kuwa sai da na fara aiki. Wato jika na fara sani, sannan uba, sannan kaka, don Lars Ulrich, mai gangar Metallica, ya tashi ne yana haukan ƙungiyoyin Ingila na zamanin Maiden, su kuma dukkansu a inuwar Sabbath suka girma.

Bari in fara da kakan.

A 1968 wasu samari huɗu daga unguwar Aston ta Birmingham suka haɗu: Tony Iommi a jita, Geezer Butler a jitar bes mai kaurin sauti, Bill Ward a ganguna, Ozzy Osbourne a murya. Birmingham a lokacin garin masana'antu ne, garin narka ƙarfe da buga shi, kuma 'ya'yan talakawa ne su huɗun. Iommi yana ɗan shekara 17, a ranarsa ta ƙarshe a wata masana'antar yankan ƙarfe kafin ya koma sana'ar kiɗa, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Shi kuma bahago ne, wato da hannun daman yake danna tsirkiya. Ya fid da rai da jita, har wani shugabansa na wurin aiki ya kawo masa faifan Django Reinhardt, makaɗin da gobara ta lalata wa hannu amma ya ci gaba da kiɗa da yatsu biyu. Sai Iommi ya narka robar kwalbar sabulun wanke-wanke, ya ƙera wa yatsun nan huluna, ya lulluɓe su da fata. Ya koma amfani da tsirkiyoyi sirara, daga baya kuma ya sassauta ɗaurinsu don kada su ci masa yatsu. Tsirkiya in ta saki, sautinta sauka yake yi ya yi kauri. A faifansu na uku, Master of Reality na 1971, ya sauke ɗaurin sosai, kuma wannan kaurin ne dubban makaɗa suka yi ta bi tun daga ranar.

Wannan labarin ba na iya karanta shi kamar labarin baƙi. A unguwar Kakuri ta Kaduna na tashi, mahaifina ma'aikacin masaƙa ne. Jiniyar canjin aiki ita ce agogon unguwarmu, kuma in dare ya tsala ana jin gurnanin injuna ta ƙasa, kamar daga cikin katifa yake fitowa. Akwai wani abokin Baba da ke zuwa gidanmu cin tuwon dare, yatsu uku ne a hannunsa na dama, ina yaro ina satar kallon yadda yake yanko loma. Ranar da na fara jin Sabbath da kunnen basira, gurnanin nan na dare na ji, da tafiyar mutanen da suka fito daga aikin kwana, kafaɗa a sauke. Har yau babu kiɗan da ke dawo mini da Baba kamar na waɗannan Turawa huɗu da ba su taɓa jin sunan Kaduna ba.

Faifansu na farko sun naɗe shi cikin yini ɗaya a watan Oktoba 1969, ya fito ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1970. Da ruwan sama da tsawa da ƙararrawa yake buɗewa, sannan jita ta saki sauti uku a hankali, na ukun ba ya kwanciya a kunne, irin tazarar da tsofaffin masana kiɗan Turai suka yi wa laƙabi da shaiɗanin cikin kiɗa. Abin da Sabbath ta kawo duniya shi ne rif, wato gajeren zubin jita mai nauyi da ake maimaitawa har ya zama ginshiƙin waƙar. Su ba sa gaggawa. Ward ya taso da jin kiɗan jaz, shi ya sa gangarsa take rangaji a maimakon tafiyar soja. Muryar Ozzy ba ta da ado, siririya ce, tana bin bayan jita kamar mai kiran taimako daga cikin rijiya, kuma wannan rashin adon ne ke sa mutum ya yarda da ita.

To amma ga matsalar ga sabon kunne. Naɗin 1970 ne. Yaron da ya saba da kiɗan zamani da aka tace a kwamfuta zai ji shi kamar tsohon hoto da ya dushe, kuma in ya saurara ta sifikar waya, bes ɗin Butler, wanda shi ne rabin abin, ɓacewa zai yi gaba ɗaya. Na biyu, jinkirin yana bukatar haƙuri. Ina da shekara 19 aka taɓa kunna mini su na ce a canja. Sai da na binne mutane, na ga an rufe masaƙu unguwarmu ta yi tsit, sannan kiɗan ya same ni. Wanda zai shiga nan, faifai shida na farko, daga 1970 zuwa 1975, su ne zuciyar abin, kuma Paranoid na watan Satumba 1970 ya fi sauƙin kamawa. Bayan an sallami Ozzy a 1979 saboda shaye-shaye, Ronnie James Dio ya karɓi makirufo suka fitar da Heaven and Hell a 1980. Faifai ne mai kyau ƙwarai, amma wata ƙungiya ce daban mai tsohon suna, ta fi kusa da abin da zan faɗa a kan Maiden.

Ranar 5 ga Yuli 2025 mutum huɗun nan na asali suka yi wasan bankwana a filin ƙwallon Villa Park, cikin unguwar da suka taso. Ozzy a zaune ya yi waƙa, kan wata baƙar kujera, don cutar karkarwa ta hana shi tsayuwa. Metallica na cikin waɗanda suka zo yi musu kara a ranar. Bayan kwana 17 Ozzy ya rasu yana da shekara 76. Na daɗe ban ji mutuwar wanda ban taɓa gani ba kamar wannan.

Iron Maiden kuwa doki ce. Ban san wata kalmar da ta fi dacewa ba. Steve Harris, mai jitar bes, shi ya kafa ta a unguwar Leyton ranar Kirsimeti ta 1975, kuma har yau shi ne mai gida, shi ke rubuta mafi yawan waƙoƙin. Da yatsu biyu yake kaɗa bes, yana fitar da wani zubi na bugu ɗaya dogo biyu gajeru, ɗaya dogo biyu gajeru. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan sallah, lokacin da mahaya suka saki linzami suka taho a sukwane za su yi jafi, ya san wannan sautin tun kafin ya ji sunan Harris. Shi ya sa nake ganin kunnen Bahaushe ya fi saurin kama Maiden a kan sauran biyun. A saman sukuwar kuma jita biyu ne ke tafiya tare, ɗaya sama ɗaya ƙasa, suna rera abu mai daɗi da mutum zai iya bi da baki. Tun 1999 ma uku ne: Dave Murray, Adrian Smith da Janick Gers.

Faifai biyu na farko da muryar Paul Di'Anno aka yi su, murya mai kaushi irin ta ɗan tasha. A 1981 Bruce Dickinson ya karɓe shi, kuma da shi ne suka hau saman jadawalin cinikin faifai na Ingila a 1982. Dickinson na buɗe maƙogwaro ne ya ja sauti sama ya riƙe shi, kalmominsa kuma a fili suke fita. Wannan na da muhimmanci, don Maiden masu ba da labari ne. Suna da waƙa kan mahayan Ingila da aka tura cikin bakin igwa a yaƙin Kirimiya na 1854. Suna da ta matuƙan jiragen yaƙi da suka kare sararin Ingila a 1940. A ƙarshen Powerslave na 1984, mai hoton Fir'aunan da yaron ya ɗauka, akwai waƙa mai tsawon sama da minti 13 da aka gina kan wata tsohuwar rubutacciyar waƙar Turanci ta 1798, labarin wani matuƙin jirgin ruwa da ya harbe tsuntsu ba gaira ba dalili, masifa ta faɗa wa jirgin duka. A tsakiyarta kiɗa yakan lafa, ba ka jin komai sai kukan katakon jirgi da bes a hankali, sannan a sake tashi. Mu da muka tashi da waƙoƙin fada da na mazajen fama, inda makaɗi zai ɗauki rabin sa'a yana jero tarihin mutum ɗaya, tsawon nan ba ya ba mu tsoro. Saboda Maiden na fara shiga ɗakin karatu neman littattafan tarihin Turai ba don jarrabawa ba.

Wani abin da ya sa nake girmama su: ba rediyo ce ta ɗaga su ba, ƙafa ce. A watan Agusta 1984 suka fara rangadin Powerslave daga Poland, lokacin da ƙasar ke ƙarƙashin 'yan gurguzu kuma manyan ƙungiyoyin Yamma ba su cika leƙawa can ba. A Janairu 1985 suna Rio ta Brazil. A 2008 Dickinson, wanda matuƙin jirgin sama ne mai lasisi, shi da kansa ya riƙa tuƙa Boeing 757 ɗauke da ƙungiyar da kayanta, suka fara daga Mumbai ta Indiya. A 2016 ya koma 747.

Aibinsu? Akwai. Sukuwar nan in ta yi yawa, waƙoƙin sukan fara kama da juna. Faifan da suka yi tun daga 2000 waƙoƙinsu sun yi tsawo, wasu gabatarwar kaɗai ta isa waƙa guda, kuma ba duka ne suka cancanci tsawon ba. Shekarun da Dickinson ya tafi, daga 1993 zuwa 1999, sabon shiga ya tsallake su tukuna. Sannan wanda ya zo metal neman nauyin da zai danne masa ƙirji ba zai same shi sosai a nan ba. Maiden ɗaga mutum take yi, ba ta danne shi. Akwai kuma waɗanda muryar sama irin ta Dickinson ba ta yi musu ba sam, wannan kuwa ba a yi wa kunne dole.

Sai jikan. A 1981 Lars Ulrich, ɗan ƙasar Denmark da iyayensa suka koma Kalifoniya, ya sa talla a wata jaridar Los Angeles yana neman abokan kiɗa, James Hetfield ya amsa. Suka ɗauki nauyin Sabbath da zubin 'yan Ingila suka ƙara musu wuta. Sirrin Metallica yana hannun daman Hetfield: yana dafe tsirkiya da gefen tafinsa don sautin ya fito a dunƙule, yana kuma bugawa ƙasa-ƙasa kawai, da saurin da yawancin makaɗa sai sun haɗa da bugun sama. Abin da ke fitowa kamar luguden taɓarya ne a gidan biki, mata uku a turmi ɗaya, ba mai karo da wata, sai dai an ninka saurin. A farkon 1983 suka koma yankin San Francisco don Cliff Burton, mai bes, ya ce sai haka zai shigo. A watan Afrilu na shekarar suka sallami Dave Mustaine, wanda ya je ya kafa Megadeth, suka ɗauko Kirk Hammett.

Burton ne ya san ilimin kiɗa a cikinsu, shi ya koya musu haɗa sautuka, kuma ana jin hannunsa a Ride the Lightning na 1984 da Master of Puppets na 1986, waɗanda aka naɗa a Copenhagen. Na biyun nan, a ganina, babu faifan metal da ya fi shi ƙulluwa. Babbar waƙarsa kan ƙwaya ce, yadda take mayar da mutum ɗan tsana tana jan zarensa, kuma duk wanda ya ga abin da kodin da tiramol suka yi wa samarin unguwarsa ba ya bukatar tafinta. Wata kan yaran da ake turawa bakin daga su mutu a madadin manya, wata kan masu wa'azin talabijin da ke tatsar mabiyansu. Ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka ya sa faifan cikin naɗe-naɗen da ake adanawa don tarihi. Watanni kaɗan bayan fitowarsa, ranar 27 ga Satumba 1986, motar ƙungiyar ta kife a ƙasar Suwidin, Burton ya mutu yana da shekara 24.

Daga nan Metallica ta rabu biyu, kuma mai zaɓi ya kamata ya san da haka. Faifan 1988 yana da zafi da wuyar kaɗawa, amma an danne bes ɗin sabon makaɗinsu Jason Newsted har kusan ba a jin sa. A 1990 suka ɗauko Bob Rock ya tace musu sauti, suka rage gudu, suka gajarta waƙoƙi, a 1991 suka fitar da baƙin faifan nan da na fara da shi. Ya sayar da sama da kwafi miliyan 16 a Amurka kaɗai. Sautinsa cike yake, ko a ƙaramar sifika yana fita da ƙarfinsa, shi ya sa ya zama ƙofar miliyoyin mutane. Sai dai ƙofar tana da illa, kuma ni ta yi mini: bayan ka saba da wannan tsabtar, duk abin da aka naɗa kafin ta sai ka ji ya tsufa. Ita ce ta jinkirta mini Sabbath shekara da shekaru. Bayan 1991 kuma hanyarsu hawa da gangara ce. A 1996 suka sassauta har tsofaffin masoya suka yi fushi, a 2000 suka kai kamfanin Napster kotu kan raba waƙoƙinsu a intanet, a 2003 suka fitar da faifan da gangarsa ke ƙara kamar ana dukan garwa. Wanda ya shiga kundinsu da ka, ba jagora, zai iya faɗawa kan abin da zai kore shi.

Yanzu a jera su kusa da juna. Abin sha'awa, faifai ukun da zan miƙa wa kowane sabon shiga, Paranoid da Powerslave da Master of Puppets, kowanne waƙa takwas ne, kuma kowanne na da guda ɗaya da ba murya, kiɗa zalla. Na farko bai wuce minti 42 ba, na biyu kusan 51, na uku kusan 55. Zama ɗaya ya ishi kowanne, kuma a zama ɗayan ya kamata a ji shi, daga farko zuwa ƙarshe, da abin sauraro mai rufe kunne. Tsinto waƙa ɗaya-ɗaya a YouTube ba ya nuna wa mutum ƙungiya.

In mai koyon jita ne, Sabbath ba ta da na biyu. Rif ɗin Iommi a hankali suke, yaro zai iya kama ɗaya cikin mako, ya ji hannunsa ya fitar da abu mai nauyi. Metallica za ta gina masa hannun dama amma za ta fara karya masa gwiwa. Maiden tana bukatar abokin kiɗa, don rabin daɗinta a haɗuwar jita biyu yake. A nan nakan tuna Mdou Moctar na ƙasar Nijar, shi ma bahago, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. Kiɗansa ba metal ba ne, na Abzinawa ne, amma wanda ya saba da yadda yake tsayawa kan zubi ɗaya yana juya shi har ya tafi da mutum, ya riga ya yi rabin hanyar zuwa Sabbath.

In kuma abin da ke cin mutum a rai ne ya kawo shi, fushin rashin aiki ko na zalunci, Metallica ta shekarun 1984 zuwa 1988 ce ke magana da yarensa. Hetfield yana ɗan shekara 16 mahaifiyarsa ta mutu da ciwon daji, a gidan da aƙidarsu ba ta yarda da zuwa asibiti ba, kuma wannan raunin yana nan kwance a ƙarƙashin waƙoƙinsa da yawa.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, don ita ce farkon abin da ƙanwata za ta tambaye ni: me ake faɗa a ciki? Hukuncin kiɗa kansa na malamai ne, kowa ya san inda yake kai tambayarsa. Ni abin da ke cikin waƙoƙin zan faɗa. Sunan Black Sabbath daga wani fim ɗin ban tsoro na 1963 suka ɗauko shi, kuma sunan Iblis na fitowa a waƙoƙinsu na farko, amma a matsayin abin gudu da tsoro. Butler, wanda ya rubuta yawancin baitocin, a gidan Katolika masu riƙo ya tashi, har akwai waƙarsu ta 1971 da ke kare imani da Allah ƙarara. Kuros ɗin da suke ratayawa mahaifin Ozzy ne ya ƙera musu. Amma kuma suna da waƙar yabon wiwi da wata kan hodar iblis, kuma rayuwarsu a shekarun nan ba abar koyi ba ce. Faifan Maiden na 1982 yana da hoton shaiɗan a bango, wasu masu addini a Amurka har ƙona shi suka yi, alhali waƙar da ta jawo rigimar labarin mummunan mafarki ce. Duk da haka ba shi zan fara ba yaro ya shiga da shi gidan uwarsa ba. In aka cire wannan, baitocin Maiden sun fi na sauran tsabta: yaƙi, tarihi, littattafai. Metallica ba ruwanta da aljanu sosai, sai dai akwai ashar nan da can, musamman a wasanninsu na dandali. Baitocin duka suna intanet, a karanta kafin a saurara.

Kowacce kuma akwai inda take kai mutum. Daga Sabbath ana gangarawa wajen masu kiɗa a hankali da nauyi, irin su Candlemass ta Suwidin. Daga Maiden ana haurawa wajen Judas Priest, su ma 'yan Birmingham, da Helloween ta Jamus. Daga Metallica sai Megadeth da Slayer da Anthrax, sannan Sepultura ta Brazil, wadda a 1996 ta shigo da gangunan ƙasarta har ta je ta yi naɗi tare da ƙabilar Xavante. Wannan faifan na ajiye wa yaron shi zuwa gaba, don na san ranar da ya ji gangunan nan zai miƙe tsaye.

Da kwana biyun suka cika ya dawo bayan la'asar. Na ce masa, "Wadda ta fi shiga raina Sabbath ce, amma ba ita zan ba ka ba. Shekarunka ba su kai ka ji abin da ke cikinta ba, kuma ba na so ka ji ta yanzu ka raina ta. Metallica za ta kama ka tun daren yau, sai dai za ta rufe maka kunne ga na gabanta kamar yadda ta yi mini. Ka fara da Maiden. Kana son tarihi, kana son doki, Turancinka kuma ya isa ka bi labari. Ka yi wata guda da Powerslave ɗin nan da ka ɗauka, sannan ka zo in ba ka Master of Puppets."

Da a ce ya zo mini da jita a hannu, da Paranoid na ba shi. Da a ce ya zo ido jawur da fushin duniya, da na tsallake da shi kai tsaye zuwa 1986. Amma yaron da na sani ne, mai tambayar asalin kowane abu.

Ya ce zai nema a wayarsa. Na ce ya nema, amma ya tafi da kaset ɗin ma, don hoton bangon yana da ƙananan rubuce-rubuce da mai zanen, Derek Riggs, ya ɓoye a jikin ginin, waɗanda ba sa fitowa a fuskar waya. Na ciro masa tsohuwar rediyona daga ƙarƙashin gado, muka hure ƙurar, ya fita sayo batir huɗu a shagon bakin layi.